Gwangwani Na Uku

"Wannan ma shara ne!" Malam Sulle ya fincike ƙwan tocilar daga jikin wayar batir ya wurga shi gwangwani na uku. "Mutanen nan ba sa tsoron Allah. Su rubuta maka lamba ɗaya a leda, ka kunna ka ga kamar aci-balbal."

Alhassan tela yana tsaye a bayansa cikin ɗakin gwaji, yana murza idon da hasken ƙwan ya kashe masa.

Shekara goma sha biyar suna shago jikin shago a Unguwar Hajji. Daga Karaye har Rogo, duk mai son tocila mai ƙarfi wajen Sulle yake zuwa. Ƙwayayen zamanin nan 'yan mitsi-mitsi ne kamar ƙwayar dawa, kamarsu ɗaya sak, amma haskensu ba ɗaya ba, rubutun leda kuwa ba abin yarda ba ne. Shi ya sa ya toshe tagar ɗakin da buhu, ya rataye tsohuwar kalanda a bango. Sai ya ja baya taku bakwai, ya haɗa ƙwai da batir. In ya karanta ƙananan rubutun can ƙasa, lamba ɗaya ke nan. In sai manyan lambobi, lamba biyu. In hoton kawai ya gani, gwangwani na uku, a sayar da arha.

Wata huɗu ke nan ba ƙwan da ya shiga gwangwani na ɗaya.

"Malam Sulle, ƙwan nan lafiyarsa ƙalau," in ji Alhassan. "Daga nan ina karanta har layin ƙarshe."

"Kai ne mai tocilar ko ni?"

"Ba ƙwan ba ne, idonka ne. Kullum kana kwankwaɗar ruwa, kullum buta a hannu, ga ciwon ƙafarka ya ƙi warkewa. Don Allah mu je asibiti a auna ka."

"Idona? Idon da mafarauta ke tasowa tun daga Ruwan Bago don ya zaɓa musu? Fitar min daga shago! Je ka ji da allurarka."

Alhassan ya fita yana huci. Kwana goma sha takwas ba abin da ke haɗa su sai sallama. Taurin kan tsohon yana ba shi haushi, amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Zaharaddini, wani ɗan kasuwa daga Rogo. Duk mako sai ya faka babur, ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Gaskiyarka Baba, kayan yanzu duk jabu ne." Sai ya saye gwangwani na uku da arha, ya juye cikin aljihu, ya je ya sayar a matsayin lamba ɗaya. Ba shi kaɗai ba ma. Rabin 'yan layin sun gane, kowa ya ja bakinsa ya yi gum, don arha ta yi musu daɗi. Tir!

Ranar Talata da hantsi Turai, matar Sulle, ta leƙo ta katanga. "Malam Alhassan, zo ka ga maigidan. Tun jiya ya kasa tashi."

Ya same shi kwance a tabarma, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi.

"Alhassan ne? Buɗe min tagar nan mana, sun bar ni cikin duhu."

Tagar a buɗe take, rana har kan tabarmar. Alhassan ya je ya taɓa ƙyauren don tsohon ya ji motsi, sannan ya fita neman mota.

A asibiti likita ya ce ciwon suga ne, ya daɗe yana cinsa, shi ya taɓa idon. "Da tun wata uku baya kuka kawo shi," ya ce, bai ƙarasa ba.

A rana ta uku, bayan azahar, Sulle ya laluba ya kamo hannun rigar Alhassan. "Gwangwani na ukun nan, kada a sayar wa mafarauta. Daji ba wajen wasa ba ne." Kafin la'asar ya cika.

Ana zaman makoki sai ga Zaharaddini. Ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, sannan ya matso ya rage murya. "Allah ya jiƙan Baba, mutumin kirki. Af, ragowar kayan shagon fa, wa zan gani?"

Alhassan bai san lokacin da ya miƙe ba. "Kai ko kunya ba ka ji? Wata huɗu kana kallon bawan Allah yana makancewa, kana ce masa gaskiyarka Baba! Da ka buɗe baki sau ɗaya, da yau muna nan zaune?"

Aka rirriƙe shi, ana a yi haƙuri, gidan rasuwa ne. Zaharaddini ya kakkaɓe hularsa, ya dube shi.

"Malam Alhassan, ƙwan da ke saman keken ɗinkinka, daga wane gwangwani ka saya?"

Daga na uku ne. Tun watan farko Alhassan ya saya. A ranar ya ga yana zura zare ba tare da ya kanne ido ba, ya kuma gane abin da ke faruwa. Amma ya ce a ransa gobe ya yi magana, goben da ta kai wata uku.

Ya zame daga cikin mutane, ya je ya kwance ƙwan daga saman kekensa. Ya karɓi makulli wajen Turai, ya shiga ɗakin gwaji ya ja ƙofa. Ya ƙirga taku bakwai, ya haɗa wayar. Kalandar ta fito tar, har wurin da yatsan Sulle ya bar tabo a takardar.

Ya karanta layin ƙarshe a hankali. Sannan ya busa ƙurar da ke cikin gwangwani na ɗaya, ya saki ƙwan a ciki. Ya yi 'yar ƙara, ya gangara gefe ya tsaya.