Jitar Gide Mai Tsirkiya Shida

"Ko dai ka sa ta a but, ko ka bar mani motata," in ji Mani direba, yana nuna doguwar baƙar jakar da Gide ya rungume.

Gide ya leƙa but ɗin. Buhun gero ne a ciki, da jarkokin manja, da wani ɗan akuya da ke kallonsa kamar sun taɓa samun saɓani. Ya girgiza kai, ya cusa kansa a kujerar baya, ya tsayar da jakar tsakanin ƙafafunsa, wuyanta ya leƙa ta taga. Haka suka bar tashar Ƙanƙara da azahar, suka nufi Sabuwa.

Gide tela ne, amma a wuraren biki an fi saninsa da kiɗan jitar bes, mai kaurin amo, a ƙungiyar Jabiru mawaƙi. Shekara da shekaru yana kaɗa mai tsirkiya huɗu ba wanda ya ce masa komai, sai bana da Jabiru ya samo sabon fiyano, mai kaɗa shi kuma ya iya fitar da sautin bes da hannun hagu yana amsa waya da na dama. Tun daga nan Jabiru ya fara kallon Gide kamar kujerar da ta yi yawa a ɗaki. Shi ya sa Gide ya tafi Kaduna neman jitar da za ta fitar da shi kunya. An nuna masa mai tsirkiya biyar, wadda aka ƙara wa kakkaura ɗaya don sauka ƙasa. An nuna masa mai shida, wadda ban da kakkaurar tana da wata siririya da ke hawa sama har ta rera waƙa. Wuyanta ya kai faɗin allon karatu, yatsunsa da ƙyar suke zagaye shi, amma ita ya ɗauka. Yau ce ranarta ta farko a bainar jama'a, kuma Jabiru ya riga ya ce masa, in aka yi la'asar bai iso gidan bikin da za su yi wasa a Sabuwa ba, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Hajiya Mero, mai sayar da daddawa da ke zaune kusa da shi, ta daɗe tana auna jakar da ido.

"Ɗan nan, mi ne ne wannan ka ɗora mana a ƙafa?"

"Jita ce, Hajiya. Tsirkiyarta shida."

"Shida? Kuntigi tsirkiyarsa guda, ya kuma ciyar da gidaje. Kai da shida, gida nawa kake ciyarwa?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Gide ya yi ƙoƙarin bayyana mata cewa ta ƙasan tana da amon da ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Hajiya ta ce ita ma injin niƙan unguwarsu haka yake mata.

Sun wuce mararrabar Ruwan Godiya da kaɗan suka tarar da shingen 'yan sa-kai: itace a gicciye kan duro biyu, da mutane masu bindigogin toka a inuwar wata ɗorawa. A wannan hanya ba a wasa da dogon abu a baƙar jaka. Wani daga cikinsu ya hangi wuyan da ya leƙo ta taga, ya ɗaga hannu, fuskarsa ba alamar wasa. Dariyar cikin motar ta ɗauke.

"Mai jakar nan ya fito. A hankali."

Gide ya fito da jakar. Aka kai shi gaban babbansu, wani dattijo siriri mai rigar saƙi cike da layu, wanda suke kira Baba Rabo. Tsohon maharbi ne. Ya sa aka kwantar da jakar a ƙasa, aka zuge ta. Jitar ta bayyana, ja jawur tana sheƙi, ga wayoyi a naɗe, ga wasu ƙananan akwatunan ƙarfe masu maɓallai.

"Waɗannan fa?" Baba Rabo ya nuna akwatunan da bakin sandarsa.

"Feda ce, Baba. Taka su ake yi da ƙafa."

"In an taka mi ke faruwa?"

"Sauti ne ke canzawa."

"Mu dai a nan abin da ake takawa ya canza sauti ba mu son shi," in ji dattijon. Mutanensa suka ja da baya taku ɗaya. "In abin kiɗa ne, kaɗa mu ji."

Gide ya duba rana, ta fara karkata. Ya ciro 'yar lasifikarsa mai batir, ya jona waya, ya rataya jitar. Ya fara kaɗa irin kiɗan da suke yi a biki, mai tsalle-tsalle. 'Yan sa-kan suka saki jiki, wani ma ya fara kaɗa kai. Baba Rabo kuwa ko gezau.

"Ta yi magana, na yarda ba bindiga ba ce. Amma wannan kiɗan 'yan mata ne. Waccan kakkaurar da kake ta tsallakewa, ado ce?"

Gide ya daki kakkaurar. Sautin ya fito can ƙasa, ya bi ta cikin duron shingen har murfinsa ya ɗauki rawa. Ɗan akuyan da ke but ya yi kuka. Dattijon ya karkata kai gefe guda.

"Sake."

Ya sake.

"Tana iya sauka ƙasa da haka?"

Gide ya kama kunnen tsirkiyar ya sassauta ta kaɗan-kaɗan yana dukanta, sautin na nutsewa, har tsirkiyar ta fara lilo a kan wuyan jitar. Baba Rabo ya ɗaga hannu.

"Nan. Ta kusa da ita kuma ɗaga ta." Ya yi wani gunji a maƙogwaro, Gide ya bi gunjin da kunnen tsirkiya ta biyu har suka haɗu. Sai dattijon ya fara buga wani salo da yatsa a kan sandarsa, uku a jere, ɗaya a ware. Gide ya ɗauka. Bai taɓa kaɗa shi ba, amma ya san shi, don yana yaro ya sha jin garayar maharba ranar da za su fita daji.

"Saura abu guda," in ji Baba Rabo. "Garaya tana da ɗan ƙarfe mai zobba a kai, shi ke sa ta ziza. Taka muryarta ta yi tsabta, kamar ta mai karanta labarai."

Gide ya dubi akwatunansa. Akwai wata feda ruwan ɗorawa da Jabiru ya hana shi amfani da ita, wai tana sa sauti ya yi kamar lasifika ta yage. Ya jona ta, ya ce, "Baba, zan taka." Mutanen suka sake ja da baya. Ya taka. Sautin ya fito da ƙaiƙayi da ziza, mai kauri, kamar ƙudan zuma a cikin tulu.

Baba Rabo ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa, ya gyara tsayuwa, ya fara kirari da wata murya da ba ita ya yi magana da ita ɗazu ba. Ya ambaci dazuzzukan da suka shiga, da namun da suka kayar, da mutanen da suka fita tare. Gide ya riƙe salon da kaurara biyu, sannan ya sa ɗan yatsansa a siririyar ta sama yana amsa wa dattijon kamar ɗan amshi. Fasinjoji suka firfito. Mani ya fara cewa lokaci na tafiya, Hajiya Mero ta ce ya kashe motar ya yi wa mutane shiru.

Da kirarin ya ƙare, dattijon ya goge ido da gefen rigarsa, ya ce hayaƙin motar ne.

"Taken nan Yahuza ƙanena ke kaɗa mani shi. Tun da muka rufe shi ban ƙara jin sa ba. Garayarsa na rataye a ɗakina, 'ya'yansa duk acaɓa suke yi." Ya dubi jitar. "Shi da tsirkiya biyu yake yi. Kai sai da ka tara shida da akwati. Amma dai ka iso."

Daga wani ƙauye can gefen hanya aka kira sallar la'asar. Gide ya ji kiran, ya san abin da ya wuce shi. Suka yi alwala da ruwan jarka, suka yi salla a gindin ɗorawar, Baba Rabo a gaba. Suna sallamewa wayar Gide ta yi ƙara. Jabiru ne. A bayan muryarsa ana jin fiyanon na ta zuba bes da hannun hagu, mata na guɗa.

"Mun fara," in ji Jabiru. "Kuma ka ji da kunnenka, ba abin da ya ragu. In ka iso ka ci shinkafa."

Gide ya mayar da wayar aljihu. Ya tsuguna zai naɗe wayoyinsa, Baba Rabo ya tsaya a kansa.

"Ran Juma'a maharban Faskari za su taru a gidana, sunan jikana. Ba mu da fiyano, ba mu da wuta. Batirin nan naka yana kai yamma?"

"In na zo da guda biyu yana kaiwa, Baba."

"To ka zo da uku. Tsofaffi ne, kowa da takensa."

Aka ɗage itacen. Mani ya tayar da mota, ya tambayi Gide ko har yanzu Sabuwar za shi. Gide ya ce a sauke shi a Faskari, zai nemi motar komawa gida. Ya shiga ya zauna, Hajiya Mero ta matsa da kanta, ta karɓi ƙasan jakar ta ɗora a cinyarta.

"Riƙe wuyan da kyau," ta ce. "Hanyar gaba akwai ramuka."