Ranar da Sela Za Ta Cika Biyar

"To, a yi mata ranar Alhamis mana," in ji Dougal, yana goge fenti a jikin wandonsa. "Kwana ɗaya ne fa, Ngaire. Yarinya ina ta san bambanci?"

"Kai ne ba ka sani ba, tsoho. Ita ta sani sarai."

Asabar ce, ranar gayya a makarantar rainon yara ta bakin kogi. Iyaye sun cika harabar, wasu na juye sabon yashi a wurin wasa, wasu na gyaran lilo, ga hayaƙin nama da albasa yana tashi daga bakin ƙofa. Ngaire, shugabar malamai, ta tsaya ta tare ƙofar ɗakin ajiya da jikinta, sai ka ce kaza a kan ƙwai. A bayanta abin da Dougal ya zo ɗauka yake rataye: korowai, alkyabbar gashin tsuntsu.

Dougal Fyfe tsohon makiyayin tumaki ne, kuma shi ke shugabantar ƙungiyar da ke riƙe da makarantun raino na yankin, tun daga gaɓar teku har gindin duwatsu. Ranar Juma'a ƙungiyar za ta yi bikin cika shekara ɗari a babban zauren birni, kuma kwamiti ya yanke a kai alkyabbar a sa ta cikin gilashi. Ya sake karanto wa Ngaire tarihin, kamar ba ta haddace shi ba: yadda matan masaƙar ulu suka rasa inda za su bar 'ya'yansu, yadda kakarsa da matar wani lebura na tashar jirgin ruwa suka ari ɗakin taron coci, suka riƙa toya burodi suna sayarwa har aka samu kujeru. Ya ce mutane su zo su ga abin da hannun iyayensu ya yi, laifi ne?

Ngaire ba ta ce laifi ne ba. Ita ma tarihin nan yana sa mata ƙwalla. Kakarta ce ta saƙa alkyabbar, kuma tun daga lokacin duk yaron da ya cika biyar, a ranar da ya cika, ake yafa masa ita, danginsa su ɗinka gashin tsuntsu ɗaya, sauran yara su raka shi da waƙa har ƙofar firamare. Akwai gashin agwagwa, akwai na zakara, har da na wani aku da ya mutu aka yi ta kuka.

Matsalar ita ce, ranar Juma'ar nan Sela take cika biyar.

Iyayen Sela daga tsibirin Tonga suka zo bara, uban yana aiki a mayankar gari. Yarinyar ta shafe damina guda ba ta ce wa kowa uffan ba. Ranar da ta fara buɗe baki, alkyabbar ta nuna wa Ngaire ta tambaya ko ita ma za a ba ta, tunda ba a nan aka haife ta ba. Ngaire ta durƙusa ta ce mata za a ba ta ranar da ta cika biyar, ko sama za ta faɗo.

Dougal ya ce ai Alhamis ma rana ce. Ya ce magajin gari zai zo, an riga an buga katin gayyata, kuma shi a shekarunsa ba zai tsaya gaban kwamiti yana kame-kame ba. Ngaire ta dube shi, wannan dogon mutum mai hular ulu da suka yi wasan yashi tare a nan harabar, wanda ya taɓa neman aurenta ta ƙi, ya kuma ci gaba da kawo mata itacen hunturu har yau ba fashi. Ta so ta bar shi da sirrinsa. Amma ta tuna fuskar Sela.

"Dougal, nuna min gashin tsuntsunka a jikin alkyabbar nan."

Ya cire hular, ya mayar.

Babu nasa. Ranar da zai cika biyar ta faɗo daidai lokacin sausaya, wato askin ulun tumaki, babansa ya ce ba mai barin aiki don yawon gashin kaza, ya ɗauke shi tun ana saura kwanaki, ya ajiye shi a firamare daga bayan mota. Ngaire na tsaye a jikin shinge ranar. Ta ga yadda ya riƙa waiwaye.

"Ke dai ba ki da kirki," ya ce a hankali. "Tun kina ƙarama bakinki ya fi almakashi."

"Ni ce ma nake tausaya maka."

Can gefen lilo, Tevita, mahaifin Sela, ya ajiye shebur ya nufo su yana murmushin jin nauyi. Ya buɗe wani ɗan ƙyalle ya nuna wa Ngaire farin gashin tsuntsun teku, dogo siriri, wanda kakar yarinyar ta aiko daga tsibiri. Tambayarsa kawai ko ya yi tsawo da yawa, a rage shi. Bai san ana wata magana ba.

Dougal ya karɓi gashin da manyan yatsunsa masu fenti, sai ya ga zai ɓata shi, ya yi maza ya mayar. Sannan ya taka ya hau bakin akwatin yashi, ya buga murfin gwangwanin fenti da buroshi har masu gasa nama suka juyo.

"Jama'a, ku saurara. Alkyabba ba ta zuwa birni. Ranar Juma'a da safe Sela za ta sa ta, ni da kwamiti muna biye da ita a ƙasa har ƙofar firamare. Magajin gari in yana son gani, ya sa takalmin kirki ya zo."