Makirfon Mama Faustina

Wanda bakinsa bai faɗi ƙarya ba, amma yatsansa ya faɗe ta a madadinsa, maƙaryaci ne ko kuwa? Gershon ya daɗe yana juya tambayar nan, bai samu inda za ta zauna ba.

Shi ke kula da na'urar sauti a wata majami'a a Kafanchan. Mama Faustina kuwa ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata tun shi yana goye. Yanzu kunnenta ya yi nauyi. Kiɗa na gabas, muryarta na yamma, ita ba ta sani ba. Dattawa suka ja Gershon gefe suka ce ya san dabarar da zai yi. Shi ke nan, duk Lahadi sai ya kashe makirfonta, ya buɗe na Selina da ke tsaye bayanta.

In an tashi sujada sai ta dogaro sandarta ta zo.

"Ɗana, muryata ta kai kujerun baya?"

"Mun gode Allah, Mama."

Matarsa Rosemary ta ce ya gaya wa tsohuwar gaskiya. Ya ƙi.

"In karya mata zuciya? Kuma ai ban yi ƙarya ba. Gode wa Allah ƙarya ce?"

"Sannu, lauya," in ji ta. "Kotu ta yi asararka."

Ranar da fasto ya yi wa'azi kan dokar da ta hana shaidar zur, ya ce ba a gaban alƙali kaɗai ake yin ta ba, Gershon yana zaune, yatsansa na kan maɓallin. Ya janye hannun ya sa a aljihu. Da aka zo waƙa, ya sake fito da shi.

Aka watse, yana naɗe wayoyi, sai ga Mama Faustina.

"Asabar ne auren jikata. Ni kaɗai zan yi mata waƙa, ba amshi, ba Selina. Yarinyar sai kewaye-kewaye take, wai kada in wahalar da kaina. Na ce bari in tambayi Gershon. Kai kake jin kowa, kuma ban taɓa kama ka da ƙarya ba."

Ya dubi wayar da ke hannunsa. Ranar Asabar ba wata muryar da zai buɗe. Ko a ji ta a yi dariya a gaban surukai, ko ta tsaya tana motsa baki wuri ya yi tsit.

Ya jawo mata kujera, ya durƙusa ta wajen kunnen da ya fi ji.

"Mama, muryarki ba ta kaiwa baya. Ni nake kashe makirfon."

"Me ka ce, ɗana?"

Akwai sauran mata uku suna shara. Gershon ya ɗaga murya, ya sake faɗa.