Kafur ɗin Likkafanin Kaka Kande

Kakata Kande ta gama shirin mutuwarta tun ina firamare, kuma lafiyarta ƙalau, har yau ita ke cinye ƙanzon tuwo a gidanmu na Sandamu. Likkafaninta na cikin akwatin ƙarfe, tare da ƙullin kafur ɗin da marigayi kakanmu ya sayo mata a kasuwar Mai'adua. Mai yi mata wanka ma ta zaɓa: Inna Rabi, aminiyarta tun suna 'yan mata, wadda ban da Kaka ita kaɗai ta san inda makullin yake.

Wata Laraba ta buɗe akwatin za ta shanya likkafanin. Ƙullin na nan yadda aka ƙulle shi, amma babu komai a ciki. Inna Rabi na zaune a gefe tana ɓarar gyaɗa.

"Rabi, da kin tambaye ni, ai da na ba ki," in ji Kaka.

Inna Rabi ta karkaɗe zaninta ta miƙe. Ta ce ita da gidan nan har abada, ranar da Kande ta mutu a nemo wata ta wanke ta.

Maganar nan ta daki Kaka. Ƙanzo ma ta daina ci. Ba mutuwar take tsoro ba, hannun baƙuwa a jikinta ne ba ta so. Ni kuwa haushi ya ishe ni, don kimiyya nake koyarwa a Daura, ga abin da nake rubutawa a allo yana neman raba tsofaffi biyu a gidanmu.

Na ce, "Haba Kaka! Kafur ba sai ya narke kamar ƙanƙara ba. Yana daskararrensa yake zama iska a hankali, ya fice."

"Abu a ƙulle, a kulle, ya fice," in ji ta. "Ja'ira, wannan aka tura ki ki koyo?"

Na sayo sabon kafur, na gutsuri kamar ƙwayar dawa, na ɗora a faranti cikin ranar bazara. Kaka ta ja tabarma ta zauna gadi da sandarta. Ta kori kaza, ta kori akuya, ni ma ta kore ni. Sallar azahar a gaban farantin ta yi ta. Kafin la'asar babu komai a kai. Ta shafa da yatsa, a bushe yake, ta ɗaga ta duba ƙarƙashinsa.

"To ina ya tafi?"

Na ɗauko likkafanin na kara mata a hanci. Ta daɗe tana shaƙa, har na ga idonta ya kawo ruwa, tausayinta ya kama ni. Ta naɗe shi a hammata ta fita, ko mayafi ba ta gyara ba, ni kuma na bi bayanta.

Inna Rabi na tankaɗe a tsakar gidanta, ba ta ɗago ba. Kaka ta miƙa mata likkafanin har hanci.

"Ga ɓarawon nan, na kama shi. Ki yafe mini."

Inna Rabi ta shinshina, ta ci gaba da tankaɗenta. Sai can ta warware yadin, ta auna shi da tsayin Kaka daga kai zuwa ƙafa.

"Kin ƙara gajarta," ta ce. "Bar shi a wurina in rage. Kuma ki riƙa cin abinci, ba zan wanke ƙasusuwa ba."