Dabbobin Malam Mai Yumɓu

Tana tura ƙofar wari ya buge ta, sai da ta ja baya ta toshe hanci da bakin mayafi. Maman Biyu, mai wanki da guga a gidan da ke jikin nasa, ta saba da tsamin kayan mutane, amma ba ta taɓa jin irin wannan ba.

"Malam? Kana ciki?"

"Shigo, 'yata. Yi hankali kar ki taka giwayen nan."

Malam Mai Yumɓu tsohon malamin firamare ne. Tun da ya bar aiki, duk Asabar yaran layin, 'yan aji ɗaya zuwa uku, suke cika barandarsa yana koya musu gina dabbobi da yumɓu. Wannan ta yi kunkuru, wancan hawainiya, wani ya danna ganye a laka ya ga zanensa ya fito. Yau kuwa sun yi ta bugun ƙofa, shiru, har suka gaji suka watse. Abin da ya sa ta leƙo ke nan.

Yana kwance a katifa. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura ta yi baƙi ƙirin, tsumman da ya ɗaure ta da shi ya manne da ruwan ciwo, ƙudaje sun yi masa caa. Bokitin da yake biyan buƙata yana gefe, kwana uku ba a zubar ba.

"Haba Malam! Ciwon sugan ya kai haka ka yi shiru? Ina ɗanka?"

"Injiniya aiki ya yi masa yawa. Ki taimaka ki jiƙa buhun can ki rufe aikin yaran, kar ya tsattsage."

Ita ta fitar da bokitin. Ta yi amai a bakin kwata, ta kuskure baki, ta dawo ta jiƙa buhun. Sannan ta kira ɗan nasa a waya.

"Baiwar Allah, ina cikin taro," in ji shi. "Baba akwai raki. Ki ba shi ƙwayoyinsa."

Ita da mijinta suka kai shi asibiti. Likita ya buɗe ƙafar, ya dube su, ya ce sun makara. Ranar Talata da hantsi Malam ya cika, babu kowa a kansa sai ita.

Kafin la'asar ga Injiniya a doguwar mota, cikin fararen kaya, ƙamshin turarensa ya cika layi. Ya fi kowa kuka. "Kullum sai mun yi waya da shi," yake gaya wa masu gaisuwa.

Washegari ya shiga ɗakin da hankici a hanci, leburori biyu na biye da shi.

"Wannan wace irin ƙazanta ce? Mutum da iliminsa ya ƙare a wasan ƙasa! Ku kwashe, duk bola."

"Ranka ya daɗe, na yara ne," in ji ta daga bakin ƙofa. "Kowanne da sunan mai shi a ƙasansa. A bari su taso makaranta su ɗauka."

"Wannan tarkacen ne ma ya jawo masa ciwon."

"Ciwon da ka gani da idonka?"

Ya yi wa leburorin nuni da hannu. Shebur ya shiga cikin kunkurai da kifaye, ƙurus, ƙurus, ana zubawa a baro. Da zai fita ya dubi hannun rigarsa, inda jar ƙasa ta ɗan shafa.

"Af, ke ce mai wankin ko? Zan aiko miki da wannan."

"Na rufe," ta ce. Ta tofar da miyau a gefen takalminsa ta shige gida.

Da yamma ta hango yaran sun kewaye bola da kayan makaranta a jikinsu. Ta daka musu tsawa su matsa. Ta tattare zani ta shiga da kanta, cikin ruɓaɓɓen abinci da ƙunzugun jarirai, tana tsintowa tana karanta sunaye tana miƙa musu. Waɗanda suka tsira ba su fi goma ba.

Wata 'yar aji ɗaya mai giɓi ta karɓi raƙumin dawanta, ya karye gida biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a dakalin Malam, ta lashi yatsa ta shafa wa karyayyen wuyan, ta haɗa shi da jikin, ta riƙe da hannu bibbiyu tana jira ya kama.