Ranar da Na Iya Naɗe Gida

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a wata ƙasa da ba a gina gida a cikinta, sai dai a buɗe shi da yamma, a naɗe shi da hantsi. Na tsinci kaina a layi gaban wani ofis, takalmana a hannu, don a can ba a yarda mutum ya wahalar da takalmi ba. Da layi ya zo kaina na shiga, na tarar da wani bunsuru a bayan tebur, tabarau a kan hancinsa, yana tuƙa. Ban yi mamaki ba. Na sha shiga ofis a farke, kuma irin kallon da ya yi mini na riga na san shi.

"Ranka ya daɗe, barka da aiki," na ce, na durƙusa.

"Kai ne Ilyasu mai wanki da guga, na unguwar da aka shafa wa jan fenti za a yi titi?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka gaya wa tsohuwarka za a rushe ɗakinta?"

Na ce ban gaya mata ba tukuna. Idonta ya yi rauni, ba ya ganin fentin, ni kuma duk sanda na buɗe baki sai maganar ta maƙale, don a ɗakin nan ta haife ni. Ya ce ba komai, hukuma ta tausaya mana, ta ba mu gidan da ba a rushewa. "Kafin a zo rushe shi, kai da kanka za ka naɗe abinka," ya ce, ya ci gaba da tuƙa.

Sai ga mu a wani fili. Gidan wata 'yar tirela ce mai taya biyu, akwatin ƙarfe da tsayinsa bai wuce ƙuguna ba, an ɗaure shi a bayan wata tsohuwar mota. Ni da ko keke ba ni da shi, sai ga makullin mota a aljihuna. Matata Kubura tana zaune a gaba da tukwane a cinya. Inna, mahaifiyata, tana baya da carbinta, ta juyo tana ƙare wa akwatin kallo.

"Kubura, wannan na kaji ne?"

"Namu ne, Inna."

"To, Allah ya sa mu dace."

Bunsurun ya biyo mu, ya koya mini da baki, a gurguje, irin koyarwar wanda bai damu ko ka gane ba. A kwance tirelar daga mota, a sa dutse a gindin taya. A sauke ƙafafunta su taka ƙasa daidai. A zare sakatun gefe, a soka ƙarfen juyi a yi ta murzawa har rufin ya tashi sama. A jawo gado ta gaba, a jawo gado ta baya, a tokare su da sanda, a ja tamfol ya rufe, a ja zif ɗin ƙofa. Naɗewa kuma, a cewarsa, haka nan ne amma daga ƙarshe zuwa farko.

"Idan fa akwai mutum a ciki ana naɗewa?" na tambaya.

"An yi tanadi. Na cikin ya kira sunan mai gidan, gidan zai tsaya cak."

Na sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ni ɗan fari ne. Tun da Inna ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, kunya take yi. Magana ma sai ta wajen Kubura take aiko mini. Ita kuma Kubura, ka san mace ba ta kiran sunan mijinta."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Babu wannan a tsarinmu," ya ce, ya tafi.

Yammar farko na sha wuya. Na yi ta murza ƙarfe ban zare sakata ba, akwatin yana nishi, ni ma ina nishi. Da na gane na zare, rufin ya tashi a karkace, don ƙafa ɗaya ta nutse a yashi. Na jawo gadon baya kafin lokacinsa, ya cije mini yatsa. Ana cikin haka aka soma ruwa. Ruwan ƙasar daga ƙasa yake tashi ya tafi sama, don haka wandona ya jiƙe sharkaf hulata tana bushe, tamfol ɗin kuma ya sha ruwa ta ciki. Kubura ta riƙe lema a kife ƙarƙashin ƙafafun Inna. Sai da aka kira magariba gidan ya tsaya, a ɗan gicciye, kamar mai jin kunyar kansa.

Inna ta shiga da bismilla. Ta zaɓi gadon baya, ta shimfiɗa buzunta, ta rataye carbi a jikin sanda. Da safe ta fito ta share ƙofar gidan, ta yayyafa ruwa, ta jera duwatsun murhu, ta kafa reshen zogale a gefe. Na tsaya ina kallonta raina yana ɓaci, don na san abin da yake tafe.

Titin ƙasar yana da rai. Da hantsi yake fitowa kiwo, baƙi ƙirin, yana tururi, yana shinshina inda mutane suka kwana. Duk abin da ya tarar a tsaye sai ya bi ta kai. Ba ya gudu, ba ya fushi, zuwa kawai yake yi.

Da na hango shi na tsaya bakin zif na yi sallama. Inna tana sallar walaha, kuma ba ɗan da zai ɗaga zif ya faɗa wa uwarsa tana kan buzu. Na sake sallama, na jira. Sai da ta idar, ta shafa addu'a, ta nemi takalminta, ta ce wa Kubura, "Ki ce wa wancan ya daina rawar jiki." Kafin in gama naɗewa titin ya cinye murhun, ya cinye zogalen, ya haɗiye randa da ruwanta. Muka tsira da ƙyar, tamfol yana lilo a waje don na ture shi ciki a cukuikuye.

Haka muka yi ta yi. Kullum sabon fili, kullum Inna sai ta share, ta kafa zogale. Kullum ni sai in yi sallama in jira, titi kuma ya ci wani abu namu. Ya ci turmi, ya ci tabarmar baƙi, ya ci inuwar da muka fara sabawa da ita. Wata rana ya ci gaisuwar da maƙwabcinmu Malam Nadabo ya jefo mini daga tasa tirelar, na ga bakinsa yana motsi amma ba abin da ya iso.

Ban san sanda na saba ba. Sana'ata ninke kaya ce, hannuna bai san wani abu ba sai haɗa baki da baki. Na gano cewa in ka fara duba ƙasa kafin ka sauke ƙafafu, rufin zai tashi a miƙe. Na gano cewa tamfol babbar riga ce kawai, in ka kama kafaɗunsa sauran zai bi. Na daina cije yatsa. Na koyi jin ƙarar da ƙarfen yake yi idan rufi ya kai maƙura, na koyi shanya tamfol kafin in tura shi ciki don kada ya yi funfuna. Har ta kai ina buɗe gidan ina cin gyaɗa, ina naɗe shi ina sauraron labarin wani. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daɗi na ji. An raba ni da gidan ubana, an ba ni akwati, ni kuma ina alfahari na fi kowa iya rufe shi.

Malam Nadabo har lokacin fama yake yi. Wata safiya na same shi ya shige cikin tamfol ya rasa hanyar fita.

"Malam Ilyasu, kai yaya kake yi ne?"

"Daina tunani za ka yi, Malam. Ka bar wa hannu."

"To, ni nawa hannun har yanzu gini yake nema."

Na yi masa dariya. Ina tuna dariyar yanzu, ba ta yi mini daɗi.

Sai ga bunsurun ya dawo, da awaki biyu a bayansa riƙe da jakarsa, da mutanen wata sabuwar unguwa da aka shafa wa fenti. Duk jikinsu ja ne, don a wannan karon fentin bai isa bango ba sai aka shafa wa masu gidan.

"Ga gwaninmu," ya ce musu. "Ilyasu, nuna musu."

Hantsi ne, ana ruwa. Kubura ta hau bishiya da kwano a kife tana tarar ruwan sha. Na gyara hula na soma bayani, ina magana hannuna yana aiki. Na ce musu abin ba wuya, tsoro ne kawai. Na zare sanduna, na ninke tamfol, na tura gadon gaba. Na tura gadon baya, na ji ya ɗan yi nauyi, na ƙara masa kafaɗa ya shige. Na kama ƙarfen juyi, rufin ya soma sauka sumul. Can na ji wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Kai." Na ɗauka wani ne cikin 'yan kallo yake yaba mini, har na yi murmushi. Na danna rufi, na zura sakatu, na kakkaɓe hannu. Awakin suka tafa da kofato, mutanen kuma suka zuba wa akwatin ido.

Kubura ta sauko da kwanonta. Ta leƙa bayan mota, ta dubi gindin bishiya, ta dube ni.

"Malam, ina Inna?"

Ban yi sallama ba ran nan. Hannuna ya gama aikin kafin in tuna akwai wadda ake jira.

Hannun da ya iya rufewa sai ya manta buɗewa. Na yi ta murza ƙarfe ban zare sakata ba, kamar ranar farko. Malam Nadabo ne ya zo ya zare mini. Rufin ya tashi, na jawo gadon baya.

Tana nan. Ta ninku tare da buzunta, baki da baki, tsaf, irin ninkin da nake yi wa kayan manyan mutane. Kaurinta bai fi na zanen gado ba. Kari ya bi ta goshinta ya sauka ta tsakiyar fuska, wani ya gitta ƙirji. Idonta biyu, carbin yana hannunta, yatsunta suna ja a hankali.

"Inna," na ce, kuma a karon farko ban bi ta wajen Kubura ba. "Inna, me ya sa ba ki kira ni ba?"

Ba ta dube ni ba. "Kubura, ki ce masa na kira."

"Sunana ake so, Inna. Sunana kawai za ki faɗa gidan ya tsaya."

"Da wane bakin? Ga mutane cike a waje."

Na juya wajen bunsurun. Ya leƙo, ya shinshina, ya ce gidan bai yi laifi ba, tunda ba a kira suna ba. Ya ce wa mutanen sabuwar unguwa su lura da kyau, ninkin ya yi daidai, ko kusurwa ɗaya ba ta fito waje ba.

"Ranka ya daɗe, yaya za a yi ta miƙe?"

"Za ta saba. Kai ba ka saba ba?"

Kubura ta kawo mini dutsen guga da garwashi a ciki, ban san daga ina ba. Na karɓa, na riƙe, na ajiye. Na daɗe a sana'ar nan, na san karin da yake fita da wanda ba ya fita. Na durƙusa na sa hannu zan buɗe ninkin farko, ina kuka, kukan da ban yi ba ranar da aka zo da bokitin fenti. Hawayen ma sama suke tafiya, ko jiƙa ta ba su yi ba.

"Kubura," Inna ta ce, "ki ce masa ya bar ni haka. Gobe ma naɗewa za a yi. A haka na fi muku sauƙin ɗauka."

A bayanmu titi ya iso bakin sharar da ta yi da safe. Ya sunkuya kan reshen zogalen yana taunawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya waye, ina kan katifata, ƙarar kuma ba ta tsaya ba. Malam Nadabo ne a kan ɗakinsa da guduma, yana zare ƙusoshin kwanon rufinsa ɗaya bayan ɗaya kafin katafila ta zo. Na fito tsakar gida. Kubura tana hura wuta, Inna tana bakin ƙofarta da tsintsiya a hannu, ta karkata kai tana saurare.

"Kubura, tambayar mini wancan, me Nadabo yake yi wa rufinsa da sassafe haka?"

Kubura ta daina hura wutar, ta ɗago ta zuba mini ido.

"Ki ce mata gyara yake yi," na ce.

Maganar ta fito sumul, ko gargada ban yi ba.