Idon Ruwan Mbarka

Shekarar da Lazhar ya rasu ne gindin madatsarsa ya fara tsattsafo. Shi ya tara ƙasar da kansa, ya tare bakin kwarin saboda zaitun ɗinsa su sha da rani. Da matarsa Mbarka ta ga danshi a ƙarƙashin tudun, ga na'ana'a ta fito kore shar, sai ta durƙusa ta yi kuka. Ta ce mijinta ne ke gaishe ta. Ta ɗauko fartanya ta faɗaɗa gurin, ta jera duwatsu. Matan ƙauye suka sa masa suna Idon Mbarka, har daga garin Siliyana ake zuwa da gora.

Yau da hantsi ta cika kofi a idon, ta ga ruwan ja.

Tana nan tsaye ƙanenta Balkasim ya gangaro da tumaki. Ya leƙa kofin.

"Yaya, yau kunu waliyyin naki yake damawa?"

"Bakinka ya sari dutse. Ruwan sama ne ya gurɓata shi."

"Wane ruwan sama? Rabonmu da hadari tun kafin azumi." Ya tsoma yatsa, ya murza, dariyar ta bar fuskarsa. "Wannan ƙasar madatsa ce. Cinta ruwan yake ta ciki, yana fito da ita kaɗan-kaɗan. Ke kuma kin buɗe masa ƙofa da fartanya."

Mbarka ta dubi gangare. Can ƙasa, a tsakiyar kwarin, gidan 'yarta Sihem ne, shanyar jariri na kaɗawa a kan igiya.

"To a toshe."

"Ki toshe nan, ya ɓulla can. Sai dai a sare gefe, a saki ruwan a hankali ya bi tsohuwar kwata."

"Duka?"

"Duka, Yaya."

"Zaitun ɗin fa? Ƙananan ko shekara uku ba su yi ba. Marigayi ne ya dasa su, yana tari yana haƙa."

Balkasim ya tsura wa tumakinsa ido.

Ta hau kan tudun da ƙyar. Ruwan na kwance lumui, sararin sama a cikinsa, bai yi kama da abin da zai kashe kowa ba. Ashe duk wannan lokacin ba gaisuwa ba ce, madatsar ce ke zubar da jini, ita kuma tana dafa shayi da shi.

"Je ka ce wa Sihem ta ɗauki yaron su hau gidana," ta ce. "Kar ka gaya mata dalili, za ta zo ta hana ni."

Ya tafi da gudu.

Mbarka ta ɗaure ɗankwalinta, ta tafi ƙarshen tudun inda ƙasa ta fi tauri, ta ɗaga fartanya. Kafin la'asar ruwan ya samu hanya. Ta zauna a kan dutse tana kallon yadda yake wuce gonar zaitun ta gefe, bai jiƙa ko ɗaya ba.